Hular gashin tsuntsu a kan mutumin Otavalo

A watan Yulin bara na kai wa ƙanin mahaifina ziyara a Berlin. Ya kusa shekara talatin a Jamus. Wata ranar Asabar ya ce in zo ya nuna mini gari, muna ɓullowa daga tashar jirgin ƙasa ta Alexanderplatz sai busa ta tarbe mu.

Mutum uku ne a bakin dandali. Biyu sun ɗora hular gashin tsuntsu wadda ta zubo musu har ƙugu, sun zizara fenti a kumatu, sun sa riga mai geza irin wadda muka saba gani a finafinan kaboyi. A gabansu akwai lasifika da batirinta, da akwatin faifan CD, da kwanon jefa kuɗi. Jama'a sun yi musu zobe, wata tsohuwa har da share ƙwalla.

Baffa ya ja tsaki. Ya ce, "Ɗana, ka ga waɗannan? Lokacin da na zo ƙasar nan da mayafinsu na ulu suke kiɗa, su shida ko bakwai, da gangarsu da 'yar garayarsu. Dubi abin da suka koma. Sun sayar da asalinsu a kan sulalla."

Da suka tsaya hutawa na matsa kusa da ɗayansu na tambaye shi garinsu. Ya ce Otavalo, a ƙasar Ekwado. Zafi ya sa ya cire hular, sai ga gashinsa a kitse jela ɗaya har gadon baya.

Tun daga ranar nake juya maganar Baffa, kuma har yau ban yarda da ita ba. Hular nan allon shago ce. Mutumin ya rataya abin da zai tsayar da mai wucewa ne, asalinsa kuwa yana wani wurin da mai jefa sulalla bai taɓa leƙawa ba. Akwai laifi a sa hular, zan zo kansa, amma daban yake da wanda Baffa ya ɗora musu.

Fatake ne tun fil'azal

Otavalo gari ne a cikin tsaunukan Andes, a lardin Imbabura, tafiyar kamar awa biyu a mota arewa da Quito, babban birnin Ekwado. 'Yan asalin wurin harshen Kichwa suke yi, kuma saƙa da fatauci aka san su da su tun kafin Turawan Sifen su iso. Har suna gare su na attajiran da ke kai haja nesa a wancan zamani, mindalá. Da Turawa suka zo sai suka tura su masaƙun aikin tilas. Bayan 'yanci ma da yawa sun ci gaba da yi wa masu manyan gonaki bauta a bakin 'yar gonar da za su ci abinci, har sai da aka yi dokar gyaran mallakar ƙasa a 1964.

Duk wanda ya taso a cikin mutanen da suka san fatauci zai gane irin waɗannan mutane. Kasuwarsu ta ranar Asabar ta yi suna a duk Kudancin Amurka. Sun kai kayan saƙa Kolombiya da Benezuwela, sannan Turai da Amurka da Japan. Da farko kiɗan ɗan rakiya ne, a busa sarewa a tara mutane a sayar musu da rigar sanyi. Daga baya aka ga faifan kiɗa ya fi rigar sanyi sauƙin ɗauka, ya kuma fi ta riba.

Sai tattalin arzikin Ekwado ya durƙushe a 1999, gwamnati ta rufe wa mutane ajiyarsu a bankuna. A 2000 ƙasar ta yar da kuɗinta, sucre, ta koma dalar Amurka, ana ba da sucre 25,000 a karɓi dala ɗaya. Jama'a suka yi ta kwarara Sifen da Italiya. Titunan Turai suka cika da masu busa, kowace kusurwa waƙa ɗaya ake ji. Mai shayi goma a bakin tasha ɗaya, dole wani ya nemi abin da zai bambanta teburinsa.

Wane asali aka bari?

Baffa yana kewar ƙungiyar nan mai mayafin ulu, yana ɗauka ita ce gargajiyar da aka gada daga kaka da kakanni. Nan ne na fi samun saɓani da shi, domin wancan kiɗan ma haɗin kasuwa ne, ya dai riga wannan zuwa.

A ƙauyukan Andes ba haka ake kiɗa ba. A Bolibiya da kudancin Peru kayan kiɗa suna da lokacinsu: akwai sarewar da ake busawa da damina, akwai wadda sai rani ya shiga. Ba a tara su wuri ɗaya a busa don nishaɗi. Siku, wato jeren 'yan kararen nan da ake ɗaurewa wuri guda a riƙa gogawa a leɓe, na mutanen kewayen tafkin Titicaca ne, kuma taron maza masu yawa ke busa shi a lokacin biki. Charango kuwa, 'yar garayar nan mai tsirkiya goma, jikar kayan kiɗan da Turawan Sifen suka kawo ce. Mutanen Otavalo nasu jeren kararen daban ne, rondador suke ce masa, kuma kiɗan rawarsu sanjuanito ne, da goge irin na Turawa da jita a ciki.

To wa ya haɗa sarewa da siku da charango da ganga ya ce ga "kiɗan Andes"? Mafi yawan aikin a birane aka yi shi, kuma Paris tana da kaso babba. A can aka kafa ƙungiyar Los Incas a 1956, kuma waɗanda suka ja ragamarta 'yan birni ne daga Ajantina. A wurinsu mawaƙin Amurka Paul Simon ya ji "El cóndor pasa" a tsakiyar shekarun 1960, ya ɗora mata baitocin Turanci, ta fito a faifan Simon da Garfunkel a 1970 ta game duniya. An gaya masa waƙar gargajiya ce mara mai shi. Ashe wani mai tsara kiɗa ɗan Peru, Daniel Alomía Robles, ya rubuta ta a 1913 don wasan kwaikwayo a Lima. Sai da ɗansa ya kai ƙara aka mayar da sunan uban.

Sai juyin mulkin Chile na 1973. Ƙungiyoyin kiɗan ƙasar, Inti-Illimani da Quilapayún, suna Turai lokacin da sojoji suka hamɓarar da shugaban ƙasa Allende, suka rasa hanyar komawa, ta farko ta zauna Italiya, ta biyu Faransa. Ɗaliban jami'a ne suka kafa su. Suka riƙa cika dandamali da mayafinsu da sarewarsu, Turawa masu tausayin 'yan gudun hijira suka riƙe wannan hoto a zuci: ɗan Andes shi ne mai mayafi da sarewa da waƙar baƙin ciki.

Da saurayin Otavalo ya sauka Amsterdam ko Munich a shekarun 1980, wannan hoton ya tarar yana jiransa. Ya koyi waƙoƙin Bolibiya da Peru, ya ɗauki siku wanda ba na garinsu ba, ya ajiye sanjuanito. Ke nan lokacin da Baffa yake yaba musu riƙon asali, kayan maƙwabta suka ara. Bambancin kawai shi ne wancan aron daga kusa aka yi shi, Baffa bai gane ba.

Me ya sa gashin tsuntsu?

Saboda shi mai saye yake so. Jamusawa suna da wata tsohuwar ƙauna ga mutanen da ake kira jajayen Indiyawa, sunan da ya samo tushe daga ɓatan kan Columbus, wanda ya sauka Amurka a 1492 yana zaton Indiya ya isa. Wani marubucinsu, Karl May, ya ƙirƙiro wani jarumin ƙabilar Apache mai suna Winnetou, littattafan suka fito a 1893, alhali shi bai taka Amurka ba sai 1908, kuma ko da ya je bai kai yammacin ƙasar da ya yi ta ba da labari ba. Tun 1952 ake wasan labaransa a fili a garin Bad Segeberg. Yaran Jamus da yawa da wannan suka tashi. Finafinan Hollywood na farkon shekarun 1990 suka ƙara wa wutar itace.

Mai busa yana tsaye a titi awa shida, yana kallon abin da ke sa hannu ya shiga aljihu. Ya ga in ya sa mayafi mutum uku ke tsayawa, in ya sa gashin tsuntsu talatin. Ba ya bukatar wani ya karantar da shi sauran. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, sai dai a nan 'yan rawar ne suka canza wa makaɗi kiɗa.

Dubi Leo Rojas. Haifaffen Otavalo ne, ya tafi Sifen a 2000, ya ƙare yana busa a titunan Berlin. A 2011 ya lashe gasar Das Supertalent ta gidan talabijin na RTL. Waƙar da ya ci gasar da ita wani Bajamushe ne, James Last, ya tsara ta, kuma wani mai busa ɗan Romaniya, Gheorghe Zamfir, ya sa ta yi suna a 1977. Jamusawa suka ji waƙarsu daga bakin baƙo mai dogon gashi, suka ce sun ji ruhin Amurka ta dauri. Ban ga laifin Rojas ba. Na dai ga abin da masu ƙuri'a suke so.

Ai yaudara ce

Wannan ita ce hujja ta biyu da nake ji, kuma ba ta da nauyin da ake ba ta. Na tambayi mutumin garinsu, bai ɓoye mini ba. Tsohuwar da ke hawaye ba ta tambaya ba, kuma ina zaton ba ta son ta sani. Mai maganin gargajiya da ke zuwa kasuwa da rigar layu da fatar damisa ya san a gida ba haka yake zama ba, mu ma da muke kewaye shi mun sani. Rigar ce ke tara mu. In maganin bai yi ba a nan ne za a yi maganar cuta. Su kuwa waɗannan busa suka yi alkawari, kuma sun busa.

Wanda ya rubuta a bayan faifai cewa shi ɗan ƙabilar kaza ne alhali ƙarya yake, wannan hukuncinsa daban.

Kuma in ana lissafin wa ya ci haƙƙin wa a kiɗan Andes, kada a fara da talakan bakin titi. Ƙungiyar Los Kjarkas ta Bolibiya ta fitar da wata waƙa a 1981. A 1989 wata ƙungiya da aka haɗa a Faransa, Kaoma, ta mayar da ita "Lambada", aka sayar da miliyoyin faifai ba da izininsu ba, sai da aka shiga shari'a. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Tun 1973 gwamnatin Bolibiya ta kai kuka hukumar UNESCO tana neman a kare kiɗa da rawar gargajiya daga masu ɗiba kyauta.

Inda na sunkuyar da kai

Akwai hujjar da ba ni da amsarta. Hular tana da masu ita.

A wurin Lakota da Cheyenne da sauran ƙabilun filayen Amurka ta Arewa, wannan hula ba ado ba ce da kowa zai saya. Gashin gaggafa ɗaya-ɗaya ake ba mutum, kowanne saboda wani abin bajinta ko hidima da ya yi wa jama'arsa. Sai wanda aka yarda da shi yake ɗora ta, a ranar da ta dace. Mutanen nan an ƙwace musu ƙasa, an kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana an aske musu gashi an hana su harshensu, an haramta musu wasu bukukuwansu shekara da shekaru. Abin da ya rage a hannunsu kaɗan ne, hular tana ciki.

A ce ka je wata ƙasa ka tarar da wani ya naɗa rawani mai kunne biyu, ya yafa alkyabba, yana busa kakaki a bakin kanti ana jefa masa canji. Ko da ya ce maka shi ma ɗan Afirka ne, shi ma an yi wa kakanninsa mulkin mallaka, ba za ta hana ranka ɓaci ba. Kakaki ba a busa wa kowa shi, alkyabba kuma ba a sa ta sai an ba ka.

Wasu makaɗan suna kare kansu da cewa duk 'yan asalin nahiyar dangi ne, daga Kanada har Chile, gaggafar arewa da mikiyar kudu tsuntsayen gida ɗaya ne. Akwai gaskiya a zumuncin, tarurrukan 'yan asalin nahiyar sun daɗe suna faɗar haka. Amma zumunci bai ba ka damar shiga ɗakin ɗan'uwanka ka ɗauki rigar sarautarsa ka tafi talla da ita ba. A Amurka ma doka ta shiga maganar: mallakar gashin gaggafa sai 'yan ƙabilun da gwamnati ta amince da su, kuma wata doka ta 1990 ta haramta sayar da kayan hannu da sunan na Indiyawan ƙasar in ba su suka yi ba. Wadda na gani a Berlin dai, da na duba ta da kyau, gashin talotalo ne aka rina. Wannan ya fitar da shi daga hannun doka, bai wanke shi a idon masu hular ba.

Don haka in ana neman wanda zai yi ƙorafi, ɗan Lakota ne. Baffa da tsohuwar nan ba su cikin layi.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi?

Ga mutanen Otavalo wannan karin magana bai cika kamawa ba. Kuɗin titin Turai gida yake komawa. Da shi aka gina benaye a Peguche da sauran ƙauyukan kewaye, aka sayi injinan saƙa, aka sayi shaguna da otal-otal a tsakiyar garin da a da ake yi wa ɗan ƙauye mai kitso kallon raini, kalmar "indio" ma zagi ce. A 2000 garin ya zaɓi Mario Conejo magajin gari, ɗan Kichwa na farko da ya hau kujerar. Ba kiɗan titi kaɗai ya kawo wannan ba. Boren 'yan asalin ƙasa na watan Yunin 1990, wanda ƙungiyarsu CONAIE ta jagoranta, ya girgiza Ekwado gaba ɗaya. Amma mutumin da ke da kuɗin kansa ya fi iya ɗaga murya.

Kuma suna komawa da ƙafarsu. Lokacin sanyi a Turai titi ba ya ciniki, sai a nufi gida. A watan Fabrairu ko Maris ake bikin Pawkar Raymi a Peguche, da gasar ƙwallo da kaɗe-kaɗe, kuma 'yan ci-rani na cikin waɗanda suka raya shi. A watan Yuni ana Inti Raymi, maza su kwana suna zaga gidaje suna buga ƙafa a ƙasa. A can ba mai ɗora gashin talotalo. Farin wando ne da shuɗin mayafi da malafa da kitso. Mutumin ya san wanne ne kayan aiki, wanne ne kayan gida, kamar yadda direban banki ya san kwat ɗin da yake sawa ba da ita zai je ɗaurin auren ƙanwarsa ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne kitson. Namiji mai kitso a ƙasar da ake dariyar mai kitso, ya riƙe shi ɗaruruwan shekaru, ya kai shi har Berlin. Da asali abin sayarwa ne da shi za a fara rabuwa.

Abin da ya fi hular damuna

Lasifikar ce.

Siku na gaske rabi biyu ne. Ana raba muryoyin tsakanin jere biyu, ɗaya sunansa ira, ɗaya arka, kowanne a hannun mutum daban. Ba wanda zai iya fitar da waƙa shi kaɗai, wannan ya busa, wancan ya karɓa, kamar masu daka biyu a turmi ɗaya. In ɗaya ya yi jinkiri waƙar ta karye. Makaɗan birni su suka haɗe jeren biyu a hannun mutum ɗaya, sannan titi ya ƙarasa aikin: aka naɗi ganga da jita da kukan iska a na'ura, mutum ɗaya ya latsa maɓalli ya bi da busa.

Dalilin a fili yake. Kwano ɗaya a raba wa mutum bakwai ba ya biyan kuɗin ɗaki. Tun 2003 ɗan Ekwado sai da biza yake shiga Sifen da maƙwabtanta, tara mutum bakwai ya zama aiki. Hukumomin birane suna da dokokin inda za a tsaya da tsawon lokaci da ƙarfin sauti, mutum biyu sun fi saurin naɗe kaya in 'yan sanda sun doso. Faifan CD ɗin ma da ya riƙe sana'ar ya mutu, yanzu mutane waya suke ɗagawa su ɗauki bidiyo su wuce. Duk na fahimta. Amma yaron da ya koyi busa da na'ura bai koyi sauraron na kusa da shi ba, kuma wannan ba a cire shi a sa kamar hula.

Haka harshe. Tsarin mulkin Ekwado na 2008 ya ba Kichwa matsayi a hukumance, amma yaron da aka haifa a Barcelona ko Milan da Sifananci ko Italiyanci yake mafarki. Ko a Otavalo iyaye da yawa Sifananci suke yi wa 'ya'yansu. Da Baffa a nan ya kafa hujjarsa da ban yi masa musu ba. Da na faɗa masa haka a hanyar komawa sai ya yi shiru, domin nasa 'ya'yan ma in ya yi musu Hausa da Jamusanci suke amsawa.

Kafin mu bar dandalin na roƙi mutumin ya yi mini ta garinsu. Ya dube ni, ya yi wa ɗan'uwansa magana da Kichwa, suka kashe lasifika. Ɗaya ya jawo jita daga bayan akwati, ɗaya ya zaro ƙaramin rondador daga jaka. Sanjuanito suka yi, mai sauri, mai sa ƙafa motsi, ba kukan iska ba kukan gaggafa. Na ukun yana buga ƙafa yana fito da baki.

Zoben mutanen ya fara tsinkewa. Tsohuwar ta gyara jakarta ta wuce. Da suka gama mu biyar muka rage, kuma sulallan da suka faɗa kwano nawa ne da na Baffa. Mutumin ya yi mana godiya, ya sha ruwa, ya tura kitson cikin riga, ya mayar da hular.